Gida Da Lambu: Ba Kowace Taga Ce Ke Son Fure Ba

A garin Lafiya ta Jihar Nasarawa, da zarar watan Fabrairu ya kama, masu ajiye furanni a ɗaka sukan shiga kukan ganye ya ƙone, alhali ba su fasa ban-ruwa ba. Sau da yawa laifin na taga ne.

Tagar yamma ita ce muguwa. Ranar la'asar takan bugi gilashi, zafi ya taru, ganye ya riƙa fitar da ruwa fiye da abin da saiwa ke jawowa. Yawan ban-ruwa kuma ruɓar da saiwa yake yi. Tagar gabas hantsi kaɗai take samu, don haka ta fi dacewa.

Daga Satumba zuwa farkon Afrilu, rana kudu take karkata da tsaka. Daga tsakiyar Afrilu zuwa Agusta sai ta koma arewa. Ke nan tagar kudu mai inuwa da damina ita ce tanderu da rani.

Maganin dai shi ne a ja tukunya baya taku biyu, a saki labule marar kauri, a goge ƙurar hunturu daga ganye. Moɗa takan jure, amma na'a-na'a ba ta da wannan haƙuri.