Mu kai yara Yamai, amma mu san inda za mu kwana



Kaka ta yi, dammunan hatsi sun shiga rumbu, wake ya fara fita kasuwa, ga hutun ƴan lakwal na ƙarshen Disamba yana tafe. Shi ya sa munka ga ya dace mu tada wata magana da ba a cika yi ba a majalisunmu: magidanci ya ɗauki iyalinsa ya kai su Yamai kwana 2 ko 3, don kawai su ga gari.

Ku duba abin da ke kai mu Yamai. Mara lafiya da anka tura babbar likita, takardar da ake nema a wani biro, gaisuwar mutuwa, ko saurayin da ya ɗauki jakarsa bayan girbi ya tafi neman na kansa. Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne, har wata unguwa a can sunan hanyarmu take ci, Route Filingué. Kakanninmu sun kai Kumasi da Ankara neman kuɗi. Amma yau akwai yarinya a kwaleji, ƴar Shikal ko Tukunus ko Bonkuku, wadda ke zana kogin Isa a kayenta don mushe ya ba ta maki, alhali ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba. Wasu yaranmu ranar da sunka fara taka Yamai ita ce ranar da sunka je rubuta sunansu a jami'a, su kaɗai, ba su san gabas ba balle yamma.

Mun san abin da wasu za su ce: ana fama da tsadar rayuwa da rashin tsaro, ku kuna zancen yawon buɗe ido? Maganar tana da nauyi. Wanda rumbunsa ba zai kai shi damana ba, wannan zance ba nasa ba ne bana. Amma akwai gidaje da dama da ke kashe abin da ya fi kuɗin wannan tafiya a anko guda na biki, ko a canjin waya. Da su muke. Batun tsaro kuwa, shi ne zai gaya mana ranar tafiya da lokacinta, kuma in direbobi sunka ce hanya ba lafiya, a fasa, Yamai ba ta gudu.

Inda tafiyar ke lalacewa shi ne masauki. Mu a wajenmu, duk wanda ke da ƙane ko ɗan baffa a Bukoki ko Talaje ko Lazare, to yana da gida a Yamai, shi ke nan an gama shiri. Sai a kwashi mutum 6 a sauka masa da magariba ba sallama, wani lokaci ma daga tasha ake kiransa, a ce ga mu mun iso, zo ka ɗauke mu. Shi kuwa bawan Allah ɗaki da salo yake haya, ko antire-kushe. Ruwa saye yake, wuta saye, gawayi ko gas saye, ko ganyen kuka sai ya ba da kuɗi. Ba zai ce komi ba, don kunya da tsoron a ce birni ya ɓata shi. Matarsa ce za ta kwana a kan tabarma da yaranta, ita ce za ta tashi da asuba ta ɗora tukunyar mutum 12 da cefanen mutum 5. In baƙi sun tafi, bashin mai kanti ne zai rage musu har ƙarshen wata. Mu kuma mu dawo gida muna cewa matar wane ba ta da sakin fuska. To ina za ta samo shi?

Malamanmu sun sha faɗa mana cewa liyafar baƙo kwana 3 ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masauki ba. Wannan kaɗai ya isa ya zama tsarin tafiya. A kira shi mako 2 kafin ranar. A gaya masa mutum nawa ne, manya nawa yara nawa, ranar zuwa da ranar komawa. A yi masa tambayar ta yadda zai iya cewa a'a ba tare da jin nauyi ba: "Yaya, in wurin ya yi kaɗan ka gaya mini, sai mu raba, mata su sauka wajenka, mu da samari mu nemi wani wuri." Kuma kada a je hannu rabbana. Tiya 10 ta gero, wake, busasshiyar kuɓewa, zabi biyu, cuku, dankalin Bonkuku in lokacinsa ya yi: abin da mu muke gani ba komi ba, a Yamai kuɗi ne masu yawa. In an isa, uwargida ta damƙa wa matar gidan kuɗin cefane a ɓoye, ta shiga madafa ta kama mata aiki.

Wanda ke da hali ya kama ɗaki a ƙaramin otel ko gidan baƙi, ba abin kunya ba ne, kuma ba yanke zumunci ba ne. Ya sa wanda ya san gari ya je ya duba wurin tukuna, ya ga ko ya dace da mai iyali, ya ji kuɗin kwana, ya tabbata akwai ruwa. Da yamma sai a je gaida ƴan'uwa da ƴar tsaraba, a ci tuwo tare, a koma. Mun ga inda irin wannan ziyara ta fi daɗi ga kowa, har mai gida yana roƙon a ƙara kwana.

Zancen mota gajere ne. A je tasha jajibiri a ji kuɗin mota daga bakin direba, har da na yara da na kaya, a kama wuri a motar farko. A tashi da safe, a isa da rana tsaka, haka ma dawowa. Ba a bin wannan hanya da dare da iyali. Kowane babba da katin shaidarsa, yara da takardun haihuwa ko katin lakwal, don akwai shingayen jami'an tsaro, kuma mutum ɗaya mara takarda yana iya tsaida mota guda. Lahadi kasuwar Balleyara ke ci, motoci na cika da ƴan kasuwa da bisashe, mai ƙananan yara ya zaɓi wata rana. Kuɗin komawa gida a ware su daban tun daga Filinge, kada a taɓa su ko Babbar Kasuwa ta yi kira da suna. Sauran ma ba dole ba ne a zuba su duka a aljihu, tunda ga wuraren aika kuɗi ko'ina. Sannan lokacin sanyi ya fi damana nesa ba kusa ba. Ba mu manta Agustan 2024 ba, da ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai. A Disamba da Janairu kuwa babu ruwan sama, babu zafi, kuma lokacin ne kogi yake cike.

Cikin gari taksi ake shiga tare da wasu, ka faɗi unguwar da za ka, ku daidaita kafin ka zauna. Mai iyali da yawa gara ya yi jinga da direba ɗaya na rabin yini. Kowane yaro a rubuta masa lambar wayar uba da ta mai masauki a takarda a sa masa aljihu.

Me za a gani? In yini ɗaya kawai gare ku, ku ba gidan tarihi na ƙasa, Musée Boubou Hama, wanda anka buɗe tun 1959. Yara za su ruga wajen zaki da dorina da kada, ku bar su, haƙƙinsu ne. Amma bayan nan ku ja su wajen ƙasusuwan manyan dabbobin da sunka rayu a yankin Agadas miliyoyin shekaru da sunka wuce, da gindin itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada har wata mota ta kada shi a 1973, anka ɗauko shi zuwa nan. Akwai tufafin gargajiya da kayan kiɗa na ƙabilun ƙasar nan, da irin ɗakunan Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, ga maƙera da dukawa da masaƙa na aiki a gaban idonka. Ɗan Kurfai da ya tashi tsakanin waɗannan al'ummu zai gane kayan gidansu a can, ya ga ashe abin ajiyewa ne a nuna wa duniya. A tambayi ranaku da lokutan buɗewa kafin a tashi daga masauki.

Kashegari da la'asar, kogi. A ƙetare gadar Kennedy, wadda ke nan tun 1970, zuwa Harobanda, a tsaya a ga masunta da jiragen ruwa da garake a bakin ruwa. A gaya wa yara cewa Dallol ɗin da muke noma a cikinsa tsohuwar hanyar ruwa ce da ke gangarawa kudu har wannan kogi. Tunda an ƙetara, a bi da su ta ƙofar jami'ar Abdou Moumouni, musamman ƴan mata, su ga ƴan'uwansu mata riƙe da littattafai suna shiga da fita. Wannan minti 10 na iya yin aikin da wa'azin shekara bai yi ba. Mutanen Fandu da Damana kuwa ba sai mun tuna musu ba: babban filin wasa da gada ta uku da anka buɗe a 2021 duka sunan ɗansu Janar Seyni Kountché suke ɗauke da shi. In tafiyar ta haɗa da Juma'a, a yi salla a babban masallaci. Raƙuman dawa na Kure kuma, tun harin 2020 ba wurin da za a tafi kai tsaye ba ne, a bar shi sai hukuma ta ce.

Kada a manta da uwar yaran a gida a ce ta tsare awaki. Ita ma, in ta taɓa zuwa Yamai, mai yiwuwa a bencin likita ta ƙare kwanakinta. Kasuwa a bar ta sai yammar ƙarshe, bayan an ga abin da anka zo gani, a sayi tsaraba da abin da ya saura. Da safe a sallami mai masauki a ranar da anka ce masa za a tafi, ko da ya ce a ƙara kwana.