Yaushe mai poka don nishaɗi ya kamata ya ware jarin wasa?

Jama'a, zaren zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Na san wani zai ce ai caca ce. E, caca ce, hukuncinta kuma sananne ne, ba na kiran kowa zuwa gare ta. Lissafin da ke ciki ne ya ja hankalina.

A Amurka akwai ma'aikaci da ke zuwa gidan karta ranar Asabar, ya zauna teburin dala 1 da dala 2, ya sa dala 200 a gabansa. Da ya ci sau uku a jere sai ya fara cewa bari ya ware jarin wasa kamar ƙwararru. Ni a ganina ya yi gaggawa.

Jari fa sunan kuɗin da ke haihuwa ne. Kuɗin da ke raguwa duk wata sunansa kashewa, ko da an buɗe masa asusu na daban.

Ƙwararru kan ce a riƙe kuɗin zama 20 zuwa 30 kafin a ɗauki tebur a matsayin sana'a. A wancan teburin, dala 4,000 zuwa 6,000 ke nan. Masu gasa kuma har 100 ake ce musu, don za ka iya yin watanni ba ka ga ko sisi ba.

Me ya sa da yawa haka? Saboda ko gwani ana cinye shi. Ka riƙe as biyu, ɗan'uwanka ya riƙe sarki biyu, ku tura duk abin da ke gabanku: kusan sau ɗaya cikin biyar kai za a tashi da kai. Jarin garkuwa ce ga wanda ya fi abokan wasansa, kada mummunan mako ya kore shi. Wanda bai fi su ba, jinkirta masa karyewa kawai zai yi.

To ta ina mutum zai san ya fi su? Nan ne gizo ke saƙar. A tebur ana raba hannu wajen 30 a awa. Mai zama awa huɗu a mako, hannu 6,000 da ɗoriya zai gani a shekara. Wanda ke buga tebura da yawa a intanet yana wuce wannan cikin mako guda, kuma shi ma bai isa ya rantse shi gwani ba ne. Ga la'adar gida da ake yanka a kusan kowane zagaye. Ka yi kunnen doki da 'yan teburin ma, asara ka yi.

Shi ya sa nake cewa littafi kafin jari. Kwanan wata, awa nawa, nawa ka shiga da shi, nawa ka fito da shi, har kuɗin mota da na abinci. Ƙwaƙwalwa maƙaryaciya ce wallahi, daren cin take tunawa.

Amma raba kuɗin wasa da na cefane da haya, wannan tun ranar farko ne. Ka yanka abin da za ka iya rasawa a wata, ya ƙare ka zauna gida. Ku duba Stu Ungar: sau uku yana lashe babbar gasar duniya a Las Vegas, 1980, 1981 da 1997, ta ƙarshen dala miliyan ɗaya. A 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a garin, kusan ba komai a hannunsa. Caca kan wasanni da ƙwaya sun cinye.

Kullum Chris Moneymaker ake kawowa misali, akawun da ya shiga da ƙasa da dala 100 ta intanet ya tashi da miliyan 2.5 a 2003. Mutum 839 suka zauna a gasar nan, sunan guda ake maimaitawa.

In littafin ya kai awa ɗaruruwa yana nuna riba bayan an cire komai, kuma albashi ya daina cike giɓi, sai a fara barin ribar tana taruwa, a kira ta jari. In ta ragu sosai a sauka ƙaramin tebur, kar a taɓa albashi.