Kocin da ya zauna a Samaru, da filayenmu na Cadawa

A Samaru ta Zariya, in ka ce "OBJ" a gaban ƴan ƙwallon kwando, Oliver B. Johnson za su fahimta: Ba'amurken da ya zo Najeriya, ya zama kocin ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi zamansa. Shekara da shekaru yana bakin fili ɗaya, yara na zuwa suna girma suna wucewa, wasu na maye gurbinsu.

Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, bai fara taɓa wannan ƙwallo ba sai yana ɗan shekara 13. A matsayin ɗan wasa bai kai gasar NBA ba. Ƴan shekaru ya yi yana bugawa a Turai. Amma a 2013 an zaɓe shi gwarzon shugabannin kulob na NBA yana tare da Denver Nuggets, a 2019 kuma yana jagorantar Toronto Raptors suka ɗauki kofin farko a tarihinsu. Har ya kai nan bai daina ambaton kocinsa na Samaru ba. Ƙungiyar Giants of Africa da ya kafa a 2003 aikin da aka yi masa take yi wa yaran Afirka.

Abin da nake so mu ɗauka a nan Cadawa, da Agye, da Gazawa har Gidan Rumji, shi ne zaman nan na mutum guda. Mu kullum zancenmu kayan aiki. To, filin ƙwallon kwando mita 28 ne a kan 15, da zobe biyu masu tsawon mita 3.05 daga ƙasa. Siminti ne da ƙarfe, ma'aikatar magajin gari ko wani attajiri ɗan gari zai iya. Na ga irinsa a wata kwaleji da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram: zobe ya yi tsatsa ya sunkuya, babu raga, simintin ya dare, awaki na kwance a inuwar allon. An gina, an yi biki, mushen wasanni ya shekara biyu aka ɗauke shi, shi ke nan.

Aikin koci ba a rana ɗaya yake nunawa ba. Shi ne zai tsaya kan yaro wata da watanni har hannun hagunsa ya saba da tamaula. Shi zai je zaure ya gai da uba, ya ce: "Baba, a bar mini shi bayan la'asar, in makinsa ya sauka ni da kaina zan hana shi fili." In yarinya ce, sai ya ninka haƙurin, ya nemo malama ta tsaya masa, domin ba uwar da za ta saki ɗiyarta ga baƙon da ba ta san ko zai kai baɗi ba. Kuma tana da gaskiya.

Mu ba baƙin wannan ba ne. Yakuba Kantu, wanda ya kawo wa Maraɗi takobin farko na kokawa a 1975, daga ƙasar da ake renon ɗan kokawa tun yana ƙarami ya fito, a gaban manyan da ba sa zuwa ko'ina.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, da aka kafa a 2010, nan ƴaƴanmu da yawa ke tafiya in sun ci bak. Ina roƙon shugabanninta su riƙe kocin ƙwallon kwando a matsayin cikakken ma'aikaci, mai albashi da mutunci, su ɗora masa zagayen kwalejoji da lise-lise na jihar yana duba yara, maza da mata. Hukumomin ilimi kuma, in malamin wasanni ya kafa ƙungiya a Gazawa ko Gidan Rumji, su bar shi ya ga ƴan ajin farko da ya ɗauka sun kai birbe kafin a yi zancen sauya masa wuri.