Ƙwarewa ko kwali: wanne ke bin mutum zuwa Kudu?

Tun da tsohon ministan sadarwa, Farfesa Isa Ali Pantami, ya fitar da littafinsa kan fifikon ƙwarewa a kan digiri kawai a 2022, muhawarar nan ba ta lafa ba. Wasu na cewa kwali ya zama takardar tsire, wasu kuma na cewa masu faɗin haka ai 'ya'yansu na jami'a. Ni dai ina ganin an karkatar da tambayar, musamman gare mu mazauna Kudu.

Mu ɗauki misali da Tudun Wada ta Jos. A nan Sakatariyar Tarayya take, inda ba a duba ka sai da takarda. A gefen titunan unguwar kuma ga masu walda, kafintoci, teloli da makanikai, waɗanda ba mai tambayarsu satifiket. Dalili? Kowa ya san a hannun wa yaro ya koyi aiki, kuma ƙofar ƙarfen da ya ƙera tana nan a gidan maƙwabci. Gani ya kori ji. Sunan ubangidansa shi ne kwalinsa.

Matsalar tana farawa ne ranar da yaron ya hau mota ya sauka a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Fatakwal. Hannunsa ya biyo shi, amma shaidarsa ta tsaya a Jos. Ɗan kwangilar da ke gini a Lekki bai san ubangidansa ba. Sai a ɗauke shi a matsayin lebura, a biya shi kuɗin yini, a ɗora masa wani mai takarda wanda wataƙila bai kai shi iya aiki ba. Da yawa daga cikin masu acaɓa da gadi a garuruwan nan suna da sana'a a hannu, shaida ce babu.

Maƙwabtanmu sun daɗe da gane wannan. Bayarabe in ya gama koyon ɗinki ko kanikanci, ana yi masa bikin yaye, a ba shi takarda, ƙungiyar sana'ar ta san da shi. Ibo kuma ubangida kan sallami yaronsa da jari bayan shekarun hidima. Mu fa? Sau da yawa sai dai "Allah ya yi albarka", shi ke nan. Addu'a babba ce, amma ba a liƙa ta a takardar neman aiki.

Abin mamaki, hukumar horar da ma'aikata ta ITF, wadda aka kafa a 1971, a Jos ɗin nan hedikwatarta take. Ita ce ta ƙirƙiro SIWES, shirin tura ɗalibai masana'antu, saboda kamfanoni na kukan cewa masu kwali ba su iya aiki ba. Ashe ita kanta gwamnati ta yarda tun tuni cewa takarda kaɗai ba ta isa ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Ma'aikatar Ƙwadago tana da jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma tana da tsarin tantance abin da mutum ya koya a wajen makaranta, wanda ta gwada da masu sana'a na kasuwar Panteka.

Kada kuma mu yaudari yaranmu. Akwai ayyukan da gogewa ba ta buɗe ƙofarsu: likitanci, aikin lauya, haɗa magunguna. Wanda ya shekara ashirin yana allura a kemis bai zama likita ba, kuma ran mutane ne a tsakani.

To wanne ya fi? A gida, ƙwarewa na iya ciyar da kai ba kwali. A baƙon wuri, kwalin ne ke gabatar da kai, ƙwarewar ta riƙe maka aikin. Shawarata ga sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu na Kudu: a yi rajistar masu sana'ar da ke cikinmu, a haɗa kuɗin jarrabawa, a kai su rukuni-rukuni. Iyaye na Jos da sauran Arewa kuma, kafin yaro ya hau motar Legas, a tabbata shaidar aikinsa tana cikin jakarsa.