Kada Mu Jira Ido Ya Yi Rawaya

Na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana ɗalibai magana a kan hanta. Abin da ya sa kuwa, bara wani abokin karatunmu ya yi wata biyu yana kukan gajiya, abinci ba ya masa daɗi, ko ƙanshin miya ya ji sai zuciyarsa ta tashi. Muka ce zazzaɓin sauro ne, waɗansu suka ce ragwanci ne don jarrabawa ta matso. Sai ran da idonsa ya yi rawaya sa'an nan aka kai shi asibiti. Har yanzu bai komo makaranta ba.

Ita hanta haƙuri gare ta ƙwarai, ta kan daɗe da ciwo ba ta nuna ba. Alamunta na fari duk ƙanana ne: kasala, rashin cin abinci, tashin zuciya, da ɗan nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Daga nan fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi ba ƙurji. Shawara takan zo a baya. In kuwa ciki da ƙafafu suka kumbura, to, abu ya yi nisa.

To, me mu ke yi in mun ji haka? Sai mu aika a sayo farasitamol, mu yi ta haɗiya, alhali hantar ce ke fama da shi. Babba ma bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wani kuma ya kawo jiƙo a kwalba, ba wanda ya san abin da ke ciki. Ga kuma zancen nan na cewa wai allura ba ta shiri da shawara, wanda ya tsare mutane da yawa a gida har lokaci ya ƙure. Ba gaskiya ba ne.

Babban mai ɓata hanta a ƙasarmu shi ne ciwon hefataitis B, mai bin jini. Ku dubi ɗakunan kwananmu, reza ɗaya mutum huɗu! Mutum ya kan yi shekaru da ƙwayar yana ganin lafiyarsa lau. Sai a 2004 Nijeriya ta sa rigakafinsa cikin allurar jarirai, saboda haka malamanmu da manyan cikinmu ba su samu ba.

Ni a ganina, ya kamata hukumar makaranta ta sa a gwada jinin kowane sabon ɗalibi a asirce, ba don a kori kowa ba. Wanda ba shi da ita a yi masa allura uku cikin wata 6, mai ita kuma a haɗa shi da likita. Kafin nan, duk wanda gajiyarsa ta wuce mako biyu, ko fitsarinsa ya sake launi, abokin ɗakinsa ya raka shi asibiti ya ce a duba hanta.