Fasali A Kan Sule Biyar Da Hannun Da Ke Ciyar Da Yaro

 

Ya kai mai karatu, ka sani akwai mazan da ke cewa idan kuɗi ya shiga hannun mace, girman miji ya zube. Wannan zance ɓatacce ne, kuma zan kawo maka shaida daga ƙasa mai nisa.

A shekarar 1945, da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ƙarshe, majalisar Ingila ta kafa doka cewa hukuma za ta biya sule biyar kowane mako saboda kowane yaro, ban da ɗan fari. Da farko an rubuta kuɗin na uba ne. Sai wata 'yar majalisa, Eleanor Rathbone, wadda ta haura shekara 20 tana neman wannan doka, ta ƙi yarda, har aka mayar da shi na uwa. Ta mutu a Janairun 1946, ba ta ga biyan farko ba, wanda iyaye mata suka karɓa a gidan waya cikin Agustan shekarar.

Me ya sa ta dage? Domin ta san gidajen leburori, masu haƙar kwal da masu dako a bakin teku. Miji ya karɓi ladansa ƙarshen mako, ya yanka wa matarsa abin cefane, saura ya tafi ga giya da taba da caca. Da yawa cikin matan ba su san abin da mazansu ke samu ba. Haihuwa ta ƙaru, kuɗin cefane yana nan inda yake, sai uwa ta rage nata akushi domin miji da yara su ƙoshi. Sule biyar kaɗan ne, har a wancan zamani, amma ya sauka kusa da tukunya.

Kada ka ce wannan al'adar Nasara ce. Buhari da Muslim sun ruwaito Hindu 'yar Utbata ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yi mata izini ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Bai ce mata ta zubar da girman miji ba.

To kai ɗan kasuwa, da ka san farashin kowace atamfa a Kantin Kwari, yaushe rabonka da tambayar kuɗin mudun gero? Abin da kake ajiyewa tun kuna da yara biyu shi kake ajiyewa yau da suka kai shida. Sa'an nan ka yi faɗa don uwar ta ɗora wa 'yarka faranti ta fita talla. Ina kake son ta samo cikon? Kai kuma almajiri, da ka karanta babin ciyarwa cikin Risala, gobe kai za a kawo wa wannan ƙara a zaure, kuma mai ƙarar ba za ta zo da kanta ba, ƙanenta za ta aiko.