Masu koyar da "dabarun" foka a waya, ku gaya wa yaranmu nawa gidan caca yake yanka



Wata sabuwar sana'a ta ɓullo a wayoyin matasanmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, wato koyar da yadda ake cin kuɗi a wasan karta na intanet da ake kira foka. Za ka ci karo da bidiyo a TikTok, ko a turo maka gayyata zuwa wani zaure na WhatsApp ko Telegram, mai zauren yana rantsuwa cewa shi ba caca yake koyarwa ba, lissafi yake koyarwa. Ka fara da ƙaramin tebur, in ji shi, inda zubi bai wuce naira 100 ba, ka koyi lokacin bi da lokacin ajiye kati, a hankali ka mayar da abin hanyar samu. Da waɗannan masu zaure nake magana, kuma da lissafin nasu zan yi musu ita, tunda da shi suke tinƙaho.

Hukuncin addini a kan caca ba ɓoyayye ba ne, yana nan a ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Amma yaron da aka riga aka shawo kansa cewa foka wasan basira ce ya cire ta daga sahun caca a ransa, don haka wa'azin ta saman kansa yake wucewa. Dole a bi shi har teburin.

Ban musa cewa akwai ƙwarewa a wasan ba. A nau'in da aka fi bugawa, Texas Hold'em, kati 52 ne, a ba kowa biyu a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya. Wanda ya iya yana ajiye mafi yawan katunan da aka raba masa tun kafin a shimfiɗa komai, yana son ya zama shi ne na ƙarshen magana, kuma yana auna farashin bi. Misali, akwai naira 1,000 a tsakiya, abokin hamayya ya zuba 500. Kai ma 500 za ka zuba, jimilla ta zama 2,000, ke nan sai in kana da damar ci ta kashi 25 cikin 100 ko fiye bin yake da amfani. In kuwa kati ɗaya ya rage a buɗe kuma kana jiran na biyar mai irin zanen huɗun da ka haɗa, kati 9 ne cikin 46 za su fisshe ka, wato ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ajiyewa ce daidai. Wannan lissafi gaskiya ne, kuma wanda ya san shi ya fi wanda bai sani ba. Masu zaure a nan suke tsayawa, su yi murmushi, su turo mahaɗin rajista.

To ga inda ba sa kaiwa. A foka ba da kamfani kake karawa ba, da 'yan uwanka 'yan wasa kake. Kamfani la'ada yake yanka daga kuɗin tsakiya, galibi wajen kashi 5 cikin 100, har zuwa wani iyaka da ya ƙayyade. A manyan tebura wannan iyaka yana sa la'adar ta zama ƙarama in aka gwada ta da kuɗin da ke yawo. A ƙananan tebura kuɗin tsakiya ba kasafai yake kaiwa iyakar ba, sai a yanki kason cif a kusan duk zagayen da aka shimfiɗa kati. Ashe ƙaramin teburin da ake ce wa yaro ya fara da shi don ya fi sauƙi, a nan ne wuƙar ta fi kaifi.

Mu ɗauki misali mu buga. Mutum shida sun zauna, kowa da naira 5,000, jimilla 30,000. A ce matsakaicin kuɗin tsakiya 1,000 ne, la'ada naira 50. Teburin intanet yana gudu, ba a jiran mai rabo ya shaƙa iska. A ce zagaye 40 ne a awa ɗaya aka yanki la'ada a kansu. Naira 2,000 ke nan duk awa. Cikin awa biyar, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mutum shidan nan ya bar teburin, kuma ba ɗaya daga cikinsu ne ya ci shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk dabarar da za a koya maka, a kan raba ragowar take aiki. Bai isa ka fi sauran biyar ɗin iyawa ba, sai ka fi su da ratar da ta haura abin da kamfani yake cire maka.

A ce ma yaron ya zama gwani. 'Yan foka suna auna riba da babban zubin dole, wanda ake zubawa kafin a ga kati, kuma wanda yake cin ninki biyar na wannan zubin a kowane zagaye 100 ana lissafa shi cikin masu ci sosai. A teburin naira 100, ribarsa naira 500 ce a zagaye 100, abin da zai ɗauke shi kusan awa ɗaya da rabi a tebur guda. Wato wajen naira 350 a awa, kafin a cire kuɗin data da na cajin waya. Bai kai kuɗin litar fetur ba. Mai tura baro a kasuwar Mile 12 zai yi wa wannan riba dariya, shi kuwa ba ya tashi da safe ya tarar jarinsa ya ragu.

Sannan akwai hawa da saukar sa'a, wadda ita ce take riƙe mutane. Katunan da suka fi kowanne ƙarfi a farkon rabo, wato As biyu, sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221, kuma ko da su, in ka kara da mai ƙananan tagwaye, za a cinye ka kusan sau ɗaya cikin biyar. Sakamakon wasan yana lilo sosai har ta kai gwanin da na ambata zai iya buga zagaye 10,000 ya tashi da asara, kuma yiwuwar hakan ta haura ɗaya cikin huɗu. Juya maganar ka gani: wanda bai iya komai ba shi ma zai iya kwashe makonni yana ci. Wannan ne yake ɗaukar hoton allon wayarsa ya tura zaure, mai zaure ya ce kun ga aikin dabara. Ranar da ya fara faɗuwa, sai a ce masa ya yi haƙuri, sa'a ce ta juya, ya ƙara zubi. In an ci dabara ce, in an faɗi ƙaddara ce. Da irin wannan ma'auni babu malamin da zai taɓa yin kuskure.

Kuma wa yake zaune a ɗaya gefen? Ba ka ganin fuskarsa. Akwai masu buɗe tebura da yawa a lokaci guda, da manhajar da take tara tarihin yadda kake wasa. Akwai kwamfutoci masu buga wasan da kansu, waɗanda kamfanoni suke cewa sun haramta kuma suke ta farautarsu. Tun 2017 wata manhaja mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ta doke ƙwararrun 'yan foka a karawar mutum biyu, a 2019 kuma Pluribus, wadda jami'ar ta haɗa tare da Facebook, ta doke su a teburin mutum shida. A yaren 'yan foka, sunan mai rauni a tebur kifi. Ba don ƙauna ake neman sababbin 'yan wasa daga Najeriya ba.

Labarin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Chris Moneymaker, akawun da ya shiga ta gasar intanet ta ƙasa da dala 100 ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar duniya ta Las Vegas a 2003. Gaskiya ne, ya faru. Amma me ya hana su ba da na 2011? A ranar 15 ga Afrilu na shekarar hukumomin Amurka suka ƙwace shafukan manyan kamfanonin foka uku. Daga baya masu gabatar da ƙara suka ce ɗaya daga ciki, Full Tilt Poker, 'yan wasa suna binsa wajen dala miliyan 390 alhali abin da yake asusunsa wajen miliyan 60 ne. Waɗancan suna da gwamnatin da ta bi musu kadi, duk da haka sai da wasu suka jira shekaru. Mu a nan, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa kula da caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 ta tsaya a Abuja. Legas tana da hukumarta, amma da yawan shafukan foka rajistarsu tana Malta ko Kurasawo. In aka rufe asusun ɗan Agege da kuɗinsa a ciki, ofishin wa zai je?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mahaɗin rajistar nan. Kamfanonin caca suna da tsarin biyan duk wanda ya kawo musu ɗan wasa, ko dai ladan kai ɗaya, ko kaso daga la'adar da ake yanka a kan wanda ya kawo, muddin yana wasa. To ka ga mai zaure ba ya buƙatar ɗalibinsa ya ci, buƙatarsa ya daɗe a tebur. Shi ya sa darasinsa kullum yake ƙarewa da "ci gaba da gwadawa". Dillalin shanu a kara kowa ya san la'adarsa, a gaban mai saye da mai sayarwa ake ba shi. Wannan dillalin kuwa ya ɓoye tasa, ya sa rigar malanta.

Su wa yake farauta? Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta kuma ƙara wasu daga baya, matasanmu da yawa suka koma zaman jiran abin da zai faɗo, waya a hannu. Kuɗin da ke shiga teburin nan kuɗin adashe ne, kuɗin cinikin uban gida ne da aka ce a kai banki, kuɗin da mahaifiya take jira a Katsina ko Maraɗi ne kafin damina. Naira 100 ba ta tsorata kowa, shi ya sa ake farawa da ita. Wanda ya faɗi 3,000 a ƙaramin tebur ya san ba zai mayar da ita da wuri a can ba, sai ya hau na sama don ramuwa, inda 'yan wasan suka fi ƙwarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da caca cikin jerin cututtukan da ake neman magani a kansu, ba ta ware masu ƙaramin zubi ba.

Manyanmu ma suna da nasu kason. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, muka yi ta yabawa daga nan. Amma shagon da yake cikin aljihun yaro babu mai sa masa kwaɗo, kuma a nan kudu ba mu da Hisbah, sai sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa. Kiran yaro ɗan caca a gaban jama'a ba ya hana shi, ɓoyewa kawai yake koya masa, sai ranar da bashi ya fito fili a ji.

Ina roƙon masu kula da wannan shafi da zaurukanmu na WhatsApp su riƙa goge duk mahaɗin rajistar caca da aka turo, su cire mai turowa in ya maimaita. Duk wanda kuma ya zo da sunan koyar da dabara, a yi masa tambaya biyu a gaban kowa: nawa kamfani yake biyanka a kan kowane yaro, kuma za ka nuna mana tarihin asusunka na shekara guda, shiga da fita, ba hoton dare ɗaya ba? Iyayen gida su daina aiken yara da kuɗin ciniki ta asusun yaran. Wanda kuma ya riga ya nutse yana son fita, a samu dattijo ɗaya a kowace unguwa da zai iya zuwa wurinsa a asirce, a zauna a lissafa bashin, a tsara yadda za a biya.